Kambin da Na Hura Wuta da Shi

Zuwa gare ki, ɗiyar fari,

Gaisuwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba, babu kuma wanda zan ba ya kai. Rubutun ma na yaƙi da jahilci ne, kin san shi a karkace yake, sai ki yi haƙuri.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana a Atantane, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Tunkiyarki ta haifi biyu. Babanki yana nan, ƙafar ce har yanzu. Satin da ya wuce Madam Rabi, wadda kuka koyar tare a lakkwal ta Kona, ta kawo mini kwalin kayanki da ya yi shekara a ofishin dirakta. A ƙasansa na iske ƴan takardu masu kala, an yanka su kusurwa huɗu, wasu an naɗe, wasu ba a kai ga naɗewa ba. Ina ganinsu na gane su.

Kin tuna ranar sunan jikan Hajo maƙwabciyarmu? Kin zo hutun damina, gida cike da mata. Kika zauna kan tabarma kina naɗe-naɗen da kike yi wa ɗalibanki ranar bikin rufe lakkwal. Takarda takwas, kowace ki lanƙwasa ta kusurwa ga kusurwa, ki murza da farce, ki cusa bakin wannan a aljihun waccan. Ba ɗinki, ba liƙi, sai ga kambi ya tsaya da kansa. Mata na ta mamaki. Kika taso kina dariya, kika nufo ni za ki ɗora mini shi bisa kallabi.

Na kau da kai. Na ture hannunki har kambin ya faɗi ƙasa, na ce wa Hajo ta gaya wa yarinyar nan ta bar shirme. Mata suka yi shewa, wai ni ce uwa irin ta da, mai kunya. Na ji daɗin yabon nan, wallahi na ji daɗinsa.

Haka aka raine mu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ki Gwaggonki ta tafi da ke Mayahi, ke ma Yaya kike ce mini. Shekara ashirin da bakwai ina ce miki "waccan". Amma akwai wanda al'ada ba ta sa ni ba, shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar sunan nan kin ɗauke kambin, kin kakkaɓe shi, kin aje mini bisa jerena a ɗaki, inda ba mai gani sai ni. Da safe itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Na shiga na ɗauko shi na hura wuta da shi. Kina tsaye bakin rumbu da buta a hannu, kin gani. Kika sha kokon da aka dama a wutar nan. Wa ya sa ni? Matan ai sun watse tun jiya. Kunyar wa nake ji?

Wata huɗu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ke a likitar Tasawa. Can ma ina bakin gado ina yi miki fifita, mai duba ki ta tambayi sunanki, na juya na dubi Gwaggonki ta amsa.

Kwana shida ke nan ina fama da takardunki. Na warware ɗaya daga cikin waɗanda kika naɗe, na bi layin farcenki. Yatsun da suka saba da taɓarya, takarda har uku suka yaga. Ta ƙarshen ce mai wuya, wadda ke haɗe bakin kambin. In na sa ta nan, can ya kwance. Jiya dai ya tsaya, a karkace. Na ɗora shi bisa kallabina da rana tsaka, na fita tsakar gida na zauna, Hajo da masu sussuka suna kallo. Na yi niyya, na rantse miki na yi niyya. Hajo ta tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na buɗe baki, sunanki ya zo har kan harshe, sai na ji kaina na ce waccan ce.

Ki yafe mini. Kin bar duniya ma ban iya ba, ina jin kunyar kaina. Tun da baki ya ƙi, to ga hannu.

Zainabu. Zainabu ɗiyata. Kambinki ya yi kyau ranar nan, kuma na so ki ɗora mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu da alheri.

Ni ce uwarki, ba yayarki ba,
Hauwa ta Atantane