Ɗakin da Auta Ya Zaɓa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan sai godiya. Ciwon bayan Mama ya yi sauƙi, har ta koma yin salla a tsaye. Ɗinki yana tafiya, ko da yake keken nawa ya fara tsufa, sai na lallaɓa shi kamar jariri.

Yaya, maganar ɗakin da ka ce a gina wa Auta a bayan gida ce ta sa na ɗauki alƙalami. Magini ya zo ya auna wuri, amma na ce ya dakata sai na ji daga gare ka. Kada ranka ya ɓaci, bari ka ji dalili. Watan jiya likitar da ke gasa wa Auta ƙafafu ta ba mu labarin wani horo na kwana uku da aka shirya wa masu kula da naƙasassu. Mama ta ce ba inda za ta, wai shekara ashirin da biyu tana ɗawainiya da ɗanta, babu wanda zai koya mata shi. Da ƙyar na shawo kanta, na ce ko don bayanta ta je. Muka tafi tare da Auta. Ranar farko aka nuna mana yadda ake ɗaga mutum daga gado zuwa keken guragu da ƙarfin gwiwa, ba da ƙugu ba. Mama ta gwada sau biyu, ta yi tsaki ta ce ai ita ma ta kusa gano hakan da kanta.

A rana ta biyu ne abin ya faru. Malamar da ta shigo ita ma a kan keke take, maganarta tana fita a hankali. Ta tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa tambayar Auta abin da yake so. Mama ta ce ai ba ya magana, kuma ita ta san komai nasa tun kafin ya motsa. Malamar ba ta yi musu ba, sai ta ɗora wani allo a cinyarsa mai hotuna: kofi, gado, bayi, ƙofa, rediyo, da alamar i da ta a'a. Ta ce mu yi tambaya, mu kama bakinmu, mu ƙirga ashirin a zuci. Ka san Mama da shiru, ba ta kai biyar ba ta amsa masa, sai da na riƙe mata hannu. Muna kallo ya ja hannunsa na hagu da ƙyar, gumi yana keto masa, har ya ɗora gaɓar yatsa a kan rediyo. Ya huta, sannan ya kai kan a'a. Yaya, rediyon nan da Mama ke kunna masa kullum da safe don ya ɗebe masa kewa, ashe duk shekarun nan haƙuri yake yi da shi! Zauren ya kwashe da dariya, shi ma yana yi har da buga ƙafa. Mama ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta hau shi da faɗa wai me ya hana shi faɗa tun tuni. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan horon, wasu mata biyu daga jami'a masu bincike a kan irin wannan allo suka nemi su riƙa zuwa gida duk Talata. Abin da ya burge ni, shi suka fara tambaya ko ya yarda, kafin mu. Sun ɗauki hotunan gidanmu da na layinmu suka ƙara masa a allon, har da hotonka. Yanzu mun san ba ya son shayi da zafi, kuma rigar da na ɗinka masa da zumuɗi tana cizonsa a wuya. Da na ba shi labarin ɗakin da za a gina masa a baya, na kwatanta masa sanyin wurin da rashin hayaniya, sai ya nuna a'a. Ya kai hannu kan hoton ƙofar gida, inda ake hango shagon mai gyaran babura da masu wucewa. Na sake tambaya ranar Laraba, na sake ranar Asabar, amsar ba ta canza ba. Mu muna neman masa shiru, shi kuwa shirun ne ya ishe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata ita ce a ba shi ɗakin gaba da nake ɗinki a ciki, a faɗaɗa ƙofar, a fasa matakalar a yi gangare yadda kekensa zai fita ba sai an ɗaga ba. Ni sai in koma baya, masu kawo ɗinki ba za su ɓata ba. Mama tana tsoron ƙura da idon mutane, amma jiya na ji tana tambayar magini faɗin ƙofar. Na san da kyakkyawar niyya ka tsara naka, shi ya sa ban so a taɓa bulo ko ɗaya ba da saninka ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da takwarar Mama da ƙanenta, ka ce ina nan ina ɗinka musu kaya. Mama tana sa maka albarka, Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Shekara da shekaru ina rubuta maka cewa Auta yana gaishe ka, ban taɓa tambayarsa ba. Yau na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa. Ya nuna a'a, sannan ya nuna hotonka, ya nuna waya. Don haka ka kira ranar Lahadi da hantsi, ta bidiyo, zai gaishe ka da kansa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai ɗinki