Umma Ta Hana a Yi wa Haƙori Biyu Allurar Shawara

Goggo mai wannan fili,

Ke da kike raba wa jama'a shawara duk mako, kin taɓa ganin wanda karatunsa ya zame wa gidansu masifa? Ku ma masu karatu, kafin ku ce yaron nan ba shi da kunya, ku gaya mini: in mutum ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta je ta tsaya tsakanin jaririya da allurarta, laifin wa? Ki taimake ni, Goggo. Na kai inda bakina ba ya mini amfani, ni kuwa ba ni da wani jari sai shi.

Ni mai gyaran fanka da dutsen guga ne. Shagona in na miƙe hannu biyu sai na taɓa bango da bango. Makaranta ban yi nisa ba, sauran ni na koya wa kaina, da tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi da wayata mai tsagaggen gilashi. A gida Reza ake ce mini, kuma ba don na iya aski ba.

Ina ƙarami yayana ya rasu. Abin da nake tunawa kawai idanunsa, da suka koma ruwan ɗorawa, da yadda masu gaisuwa ke raɗa wa juna cewa shawara ce ta kashe shi. Na yi shekaru ina zaton wani mugu ne ya ba shi shawarar banza ya bi. Har na yi alkawari a raina ba zan ƙara jin shawarar kowa ba. Umma ta ce shi ne kaɗai alkawarin da na taɓa cikawa. Yau ga ni a filinki, kin ga duniya.

Da na girma na gane cuta ce, sai na shiga bin diddiginta. Na fi shekara ina tono tarihin yadda aka gano zazzaɓin shawara. Goggo, kin san yadda aka yi? Sama da shekara ɗari da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa, likitocin soja suka gina ɗakuna biyu. A ɗaya suka sa mutane suna kwana a kan zannuwa da rigunan waɗanda cutar ta kashe, da aman da komai, don a ga ko ta nan ake ɗauka. Ba wanda ya kamu. A ɗayan, ɗaki fes, suka saki sauron da ya ciji marasa lafiya, sai ga shi an kamu, aka gane sauro ke yaɗa ta. Wasu kuma a kwalba ake kawo musu sauron, a kifa a damtse, mutum yana kallo ana shan jininsa. Cikinsu akwai sojoji, akwai baƙin leburori da suka zo neman abinci. An ba su takarda sun sa hannu, an biya su, da ƙari ga wanda ya kamu. Wai sun yarda! Mai jin yunwa in ka nuna masa kuɗi ya ɗaga kai, wannan yarda ce? A wani gwajin bayan wannan har wata yarinya mai aikin jinya ta miƙa hannunta, ta mutu. Na karanta wannan a shago, na jefar da sukundireba har ta fasa mini ƙwan fitila.

Ga inda na yi ɓarna. Idon Umma ya yi rauni, don haka kullum bayan la'asar nakan zauna a bakin tabarmarta in karanta mata abu, tana tsintar wake da laluben yatsu. Filinki ma ni nake karanta mata, tana cewa matar nan ta san mutane. To, sai na kwashe labarin nan kaf na zuba mata, da zafina, da ƙarin gishirina. Na zagi likitocin, na zagi kakanninsu. Ta daina tsintar waken. Can ta tambaye ni, a hankali, ko iyayen mutanen nan mata sun san abin da ake yi da 'ya'yansu. Goggo, na bincika ko'ina, ban ga littafin da ya damu ya faɗa ba. Tun ranar, in ta idar da salla, ina jin ta tana sa su a addu'a tare da yayana. Masu ɗakin sauro take ce musu, kamar maƙwabtanmu.

Yanzu ga 'yar yayata, wadda nake kira Haƙori Biyu, don su ke nan gare ta kuma da su take cizon kowa. Ta cika wata tara, lokacin allurar shawara ya yi. Ranar zuwa asibiti Yaya ta shirya, ta ɗauko jaka, sai Umma ta goya yarinyar, ta ɗaure zani tamau, ta zauna a kujerarta. Ta ce ta ba shawara ɗa guda, ba za ta miƙa wa masu kwalbar sauro jika ba. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Yaya ba ta iya sa hannu ta kwance goyon uwarta, mijin Yaya kuma yana can wurin aiki mai nisa, ya ce duk abin da Umma ta ce. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce allura daban, gwajin wancan zamani daban. Umma ta ce ai ni na karanta mata da bakina, ko yau ne zan ce ƙarya littafin ya yi? Yaya ta daina mini magana. In ta ajiye mini abinci sai ta dangwarar da kwanon. Ga damina ta kusa, ga kwatar bayan gidanmu da sauro ke biki a cikinta.

Ban janye fushina ba, ki sani. Abin da aka yi da talakawan nan a wuyan wani yake. Amma in wani abu ya sami Haƙori Biyu, a wuyana yake. Don haka ba amsar sirri nake so ba. Ki amsa a nan, a bainar jama'a, inda zan karanta wa Umma. Kuma likitocin da ke karanta wannan shafi suna shiru, wani cikinku ya fito ya amsa wa tsohuwa tambayarta: iyayensu mata sun sani?

Naku,
Reza mai gyaran fanka

*

Ɗana Reza,

Na karɓi wasiƙarka, kuma na yi dariya a inda ka so, na yi shiru a inda ya kamata. Allah ya jiƙan yayanka.

Fushinka yana da tushe. Tambayar da ka yi a kan yardar mai jin yunwa, masana har yau suna yin ta, kuma irin wannan tarihi na cikin abin da ya sa aka tsaurara dokokin gwaji a kan ɗan Adam. Kada ka daina karatu. Amma ka karanta wa Umma rabin labari, ka tsaya daidai inda ya fi ba ka haushi. Ka gaya mata cewa cikin likitocin akwai wanda sauron ya cije shi ya mutu? Ka gaya mata cewa wasu sun shiga da idonsu buɗe, don sun gaji da binne abokansu? Ka gaya mata cewa daga baya, daga jinin wani talaka baƙar fata da ya kamu ya warke aka samo asalin allurar nan? Kai da ka san ba a mayar wa mai fanka kayansa a kwance, ka bar labari a warwatse a tabarmar tsohuwa.

Ga abin yi. Ka daina musu da ita, don ba gardama take yi ba, tsaron jika take yi. Ka ba Yaya haƙuri ba tare da "amma" ba. Sannan ku tafi asibiti ku uku, yarinya a bayan kakarta. Kada wanda ya kwance goyon. Ku bar Umma ta yi wa ma'aikaciyar jinya duk tambayar da take so, kai kuma ka kama bakinka, ko da zai yi maka ciwo. Ni ba likita ba ce, su za su duba yarinyar su faɗi abin da ya dace. Ku tambaya kuma a kan ciwon yayanka, don ba duk abin da muke kira shawara ne wannan zazzaɓin ba. Kwatar nan ma tana jiran mai zafin zuciya da shebur.

Kiran da ka yi wa likitoci na mara masa baya. Shafin nan a buɗe yake, kuma tsohuwa ta cancanci amsa daga mai farar riga.

Yanzu ka gyara zama, ka sassauta murya, wannan na Umma ne.

'Yar'uwa, ina gaishe ki. Tambayarki ta fi ta ɗanki nauyi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba: ban sani ba. Mai yiwuwa da yawansu ba su sani ba. Amma allurar yau ba gwaji ba ce, an yi wa miliyoyin yara ita tun kafin a haifi Reza. Masu ɗakin sauro da kike wa addu'a sun riga sun sha cizon, ba mai iya mayar musu da shi. Abin da ya rage a hannunki shi ne ko wahalarsu za ta tsaya a banza a ƙofar gidanki, ko za ta kai ga jikarki. Da an zo wa uwar ɗayansu da abin da zai kare ɗanta a cikin ɗan tsinke guda, kin fi ni sanin abin da za ta yi.

Ki kai ta da kanki, ki riƙe mata hannu. In ta ciji mai allurar, ki ce ni na ba ta izini.

Allah ya raya Haƙori Biyu, ya cika mata baki da haƙora, ya kuma ba ta harshen da ya fi na kawunta sanyi.

Taku,
Goggo