Daliyar Yagana Ta Ƙi Buɗewa

Zuwa ga yayata, Ya Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa gobe za a kai Yagana ɗakinta. 'Yarki ba ta tambaye ni gwal ko leshi ba. Abu ɗaya ta roƙa, ta riƙe damin furen daliya a hannu, irin wanda kike kawo mana duk ƙarshen damina lokacin da kike aikin jinya a Jos. Na ce ta bar mini wannan. Kin san bakina, ya fi hannuna sauri.

Na samo wani mai lambu a Jos ta waya. Na ce ya yanko mini waɗanda ba su buɗe ba, tunda hanya da nisa, ga zafin garinmu Yerwa. A tunanina kafin ranar biki sun buɗe da kansu. Haka nake sayen ayaba ɗanya ta nuna a gida tun ina budurwa, ban taɓa asara ba. Mutumin ya so ya yi magana, na katse shi.

Sun iso, suna nan cikin bokiti a ɗakinki na unguwar Gomari, kusa da randa. Na tsige ganyen ƙasa, na yanke karan a karkace, na tsoma gindinsu a ruwan zafi kamar yadda kike yi muna tsokanarki wai kina dafa fure. Safe da yamma ina canja ruwa. In zauna, in tashi in leƙa, in dawo, in sake tashi. Yau har shinkafar baƙi ta kama. Kawunan nan dai a dunƙule suke, wasu ma sun fara sunkuyawa.

Sai ɗazu ina ɗauraye bokiti maganarki ta faɗo mini. Kina tsakar gida kina kwance kwali, kika ce, "Bintu, daliya yadda aka yanke ta haka take zama, ba ta ƙara buɗewa." Na ji ki a ranar, amma hankalina na kan dankalin da kika zo da shi.

Na sake kiran Jos. Ko yanzu aka yanko wasu, mota ba za ta iso da su ba sai taro ya watse.

Ya Falmata, ina kewarki, yau har da ɗan haushinki. Da kina nan da kin wanke ni tas, mu yi dariya, magana ta wuce. Yagana ba za ta yi haka ba. Za ta karɓa da hannu biyu ta ce ba komai Anti, kamar yadda take cewa a kan komai tun ranar da aka fita da ke. Amsar nan nake tsoro, shi ya sa har yanzu ban shiga na faɗa mata ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki. Allah Ya sa gidan da za a kai 'yarki gobe gida ne da za ta iya buɗe baki ta ce abu ya yi mata ciwo. Amin.

Ƙanwarki mai kunnen ƙashi,
Bintu