Abin da Kyaftin Kolbeck Ya Rubuta

Hindawiyya, Jidda
9 ga Safar, 1446

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Yaya Sadiyya. Yaya ciwon ƙafarta? Yaya kuma Bur Sudan da cunkoson masu gudun yaƙi? Allah ya kashe wutar fitinar nan. Mu lafiya lau, an ma sabunta mini iƙama, takardar zaman ƙasa.

Na ba Muntaka, da zai taho wajenku, takardar nan ya kawo miki hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce.

A sharikarmu, wato kamfaninmu na tashar jiragen ruwa, akwai wani injiniya Bajamushe, Jonas Kolbeck. Yana jin Larabci daidai gwargwado, mukan sha shayi tare. Ranar Talata ya ce mini kakansa kyaftin ne na gawwasa, jirgin yaƙin nan mai tafiya ƙarƙashin ruwa, a yaƙin duniya na biyu. Ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara sha tara, aka damƙa masa jirgi yana da ashirin da bakwai. Fita biyar ya yi, ya nutsar da jirage goma sha ɗaya, aka rataya masa lambar yabo. Da yaƙi ya ƙare sai ya koma koyarwa a wata makarantar ƙauye, bai sake hawa ruwa ba har ya mutu. Ya bar wani littafi da ya rubuta da hannunsa, yana wurin Jonas.

Ya jero mini sunayen jiragen. Na ƙarshen na kaya ne, a tekun Adan, shekarar 1944. Yaya, sunan nan ne da ke cikin daftarin aikin jirgi na Baba. Jonas ya tambaye ni ko na san dangin wani da ya yi aiki a cikinsa. Na ce ban sani ba.

Kin san labarin da muka tashi da shi: Baba da ƙanensa Hashim suna zuba kwal a jirgi ɗaya, Baffa Hashim ya sauka a Adan ya bi wata mace, ya bar 'yarsa Sadiyya tana goye. To, shekarar da Baba ya rasu a gidana, ya kama hannuna ya ce ƙarya ya yi. Ya ce Hashim yana cikin jirgin da aka harbe shi, sun kama katako ɗaya, shi Baba kuma ya sake shi ya nutse. Bai iya duban idon mahaifiyarsu ya faɗi haka ba. Ya roƙe ni in gaya wa Sadiyya. Na ce masa rikicin tsufa ne. Ya yi ta maimaitawa, har na daina barin baƙi su shiga ɗakinsa.

Shekara goma sha biyar ke nan ban gaya wa kowa ba. Kada ki ce mata komai tukuna.

Ƙanenki,
Salihu

Hindawiyya, Jidda
27 ga Safar, 1446

Yaya Mansura,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Amsarki ta zo. Duk faɗan da kika yi mini na karɓa.

Na koma wurin Jonas da daftarin Baba, na ce masa ƙarya na yi. Ya daɗe yana duban hoton Baba na samartaka, sannan ya buɗe littafin yana karantawa yana juya mini da Larabci. Ga abin da na rubuta daga bakinsa.

Kyaftin ya ce kwana huɗu yana bin jirgin. Da hantsi ya harbe shi, cikin minti shida ya nutse. Sai ya fito da gawwasarsa saman ruwa don ya tabbatar da sunan jirgin. A cikin tarkacen ya ga baƙaƙe biyu a kan murfin katako. Ƙaramin ya ƙone a fuska da ƙirji, babban ya ɗaure hannunsa da nasa da riga, yana ta ɗaga masa kai daga ruwa. Kyaftin ya matsa kusa, ya ce a jefa musu igiya da gwangwanin ruwa. Ana cikin haka mai gadi ya hango jirgin saman abokan gaba. Ya ba da umarnin nitsewa nan take, alhali ya san suna dab da jikin jirginsa. Ruwa ya ja su. Da ya leƙa ta madubinsa daga baya, mutum ɗaya ya gani, yana ta nutso yana fitowa a wuri guda.

A gefen shafin, da wata tawada daban, ya ƙara: "Bai sake shi ba. Ni na raba su."

Yaya, Baba ya yi shekara sittin da biyar yana ɗaukar kansa wanda ya saki ɗan'uwansa. Da na zauna na saurare shi sau ɗaya, da na tambaye shi yadda abin ya faru, wataƙila da ya tuna rigar. Ni kuwa ƙofa nake ja masa don kada abokaina su ji.

Jonas ya ce ko za mu yafe wa kakansa. Na ce ba ni ke da wannan ba, mai haƙƙin tana Bur Sudan, shekararta tamanin da ɗaya, kuma har yau ba ta yarda a ambaci sunan ubanta a gabanta.

Ki karanta mata wasiƙun nan biyu. Kada ki tsallake inda ya shafe ni.

Naki,
Salihu

Hindawiyya, Jidda
21 ga Rabi'ul Awwal, 1446

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Na ji daɗi da kika ce ta fara cin abinci.

Kin ce da kika gama karatu tambaya ɗaya ta yi: tun yaushe Salihu ya sani. Gara da kika gaya mata gaskiya. Da na kira jiya ta ƙi karɓar wayar, na ji muryarta tana cewa halas, ya isa, a kashe. Ban ga laifinta ba.

Saƙonta biyu na cika su, na hoton shafin da na umra ga mahaifinta. Hoton shafin yana cikin ambulan ɗin nan, da fassarar Larabci a bayansa. Jonas ya so ya haɗa da wasiƙa tasa, na ce ya dakata, ba ta nema ba. Bai yi musu ba. Wata mai zuwa aikinsa zai ƙare, ya bar mini adireshinsa ko da wata rana.

Umrar kuma na yi ta ranar Juma'a. Da na ɗaura harami na zo niyya, sai na ce a madadin Hashim ɗan Abdulghaffar. A iya sanina ba wanda ya taɓa sa sunan nan a addu'a a gidanmu, sai ko Baba a ɓoye. Daga Makka na wuce maƙabarta wurin Baba. Na tsaya na yi masa addu'a, na faɗi abin da ke cikin shafin tun daga farko har ƙarshe. Ban nemi komai don kaina ba, ban ga ta inda zan fara ba.

Ki gaya wa Yaya Sadiyya an yi. Idan ta yarda ta karɓi waya, ko ina tsakiyar aiki ne, ki kira ni. Idan zagi ne ma, zan tsaya in ji har ta gama.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Salihu Othman