In Bar Lif Ya Tsaya Don A Ga Aikina?

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya ƙulle.

Ni ke kula da wani dogon benen ofisoshi. Ruwa, wuta, lif, shara, banɗaki, duk a wuyana suke. Tun kafin ma'aikata su iso nake zagayawa, in na ji ƙarar injin ruwa ta sauya in kira makaniki kafin ya tsaya. Shi ya sa 'yan haya ba sa kawo ƙorafi. To, shirun nan ne ya zame mini masifa. Duk ƙarshen shekara mai ginin da yawan matsalolin da aka gyara yake auna mu. Takwarana da ke kula da ɗaya benen mai ginin kullum lif ɗinsa a maƙale, kullum ana ganinsa jiƙe da gumi, sufana a hannu, shi ne gwarzo. Ni kuwa wai ba a ga abin da nake yi ba, har ana maganar a haɗa masa aikina a sallame ni.

Matata ma tsokanata take yi, wai albashin ɗumama kujera nake ci. Nakan yi dariya, amma abin yana ci mini rai. Wallahi na gaji, Anti. Wani abokina ya ce ranar da mai gini zai zo dubawa in sa lif ya tsaya, in gyara a gabansa. Na san wayar da zan taɓa. In yi?

Wanda Ya Gaji

Ɗan'uwana, kada ka taɓa wayar nan. Ka san wayar, amma ba ka san wanda zai kasance cikin lif ɗin ba. Wataƙila mai tsohon ciki ce, wataƙila mai ciwon zuciya.

Kana da gaskiyar gajiya. Sai dai shi ma mai ginin ba mugu ba ne, ma'auninsa ne gurgu. Ba zai ga matsalar da ba ta faru ba, kai kuma shirunka ya yi yawa. Ranar da ya zo kada ka tarbe shi a ofis. Sauka da shi ɗakin injuna, ka nuna masa ƙarafunan da ka sauya tun kafin su karye. Sannan ka roƙe shi ya tambayi 'yan hayar benayen biyu yaushe rabonsu da hawan matakala dole, ya kuma duba a wane bene aka fi kwashe kaya ana tashi.

In ya ga duk wannan ya sallame ka, ka fita da sunan da zai samo maka wani aikin. In kuwa ka tsayar da lif aka yaba maka, baɗi sai ka lalata abin da ya fi lif.

Allah ya sanyaya maka rai, ya bar maka aikinka.