Buhuna har rufi, kajin Yaya na mutuwa da yunwa

Inna mai wannan fili, ki taimake ni, amma kafin nan ki amsa min, ke da duk mai karanta shafin nan: kun taɓa loda wa bare kaya a mota da hannunku, alhali ɗan'uwanku na jini yana tsaye a bakin ƙofa ana ce masa babu? Ni na yi, kuma ba sau ɗaya ba.

Ina aiki a siton wani kamfani mai sarrafa abincin kaji. Aikina in duba kwamfuta, in ga wa aka ware wa kaya, in sa a loda. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, shi ne shugaban sashen tsara rabon kaya, kuma shi ya samo min aikin bayan na bar makaranta ban gama ba. Yayana kuwa kiwon kajin ƙwai yake yi, da ƙafa ma za ka isa wurinsa daga sitonmu. Da kajin nan yake riƙe iyalinsa, da su yake riƙe Umma.

Tunda kaya suka yi ƙaranci a bana, Yaya bai sake samun nasa a kan lokaci ba. Zai zo ya tarar da buhuna jibge har rufi, ƙurar dusa na shiga masa hanci, ni kuma in duba in ga an tura odarsa can masana'antarmu ta nesa, wadda motarta ba ta tasowa sai ta cika. Yaushe kaza ta san jira? Ƙwai ya ja baya, kajin suka fara caccakar juna, kullum sai an kwashe matattu, ƙarshe ya karyar da wasu. A gida an riga an yanke min hukunci. Matar Yaya da hanci take amsa gaisuwata. Umma ta ce na samu wuri na manta da nawa. Kawu kuwa a gabana ya gaya mata cewa inji ke rabo, babu hannun kowa, ko shi bai isa ya taɓa ba.

Ni kuma Allah ya yi ni da jarabar karatu, ko takardar da aka ƙunso min sabulu sai na karanta. Na sauke littafin bayanin manhajar da ke rabon kayan a wayata, Turanci kamar tsakuwa, na yi ta tauna da ƙamus. Ga abin da na gano. Ashe ba ta raba kaya a lokaci guda, layi take bi. Ta ɗauki na farko ya ɗiba daga sito mafi kusa har ya ƙoshi, sannan na biyu, haka har na wutsiya, wanda za a wurga duk inda guntu ya rage. Kuma mutum ne ke gaya mata wa za ta sa a gaba! A kamfaninmu an ce mata wanda ya fi saye a watannin baya. Inna, dubi wannan rashin imani. An hana Yaya kaya, sayensa ya ragu. Sayensa ya ragu, sai ta ƙara tura shi baya. An ɗaure akuya ana zarginta da ƙin zuwa kiwo.

Da na tambayi mai kula da kwamfutocinmu wane mara tausayi ne ya zaɓi wannan tsari, ko a jikinsa, yana shan shayi, ya ce ai Kawuna ne, tun ranar da aka kafa manhajar. Kawu! Mutumin da ya kalli idon yayarsa ya ce babu hannun kowa.

Ga abin da ke cina. Kawu yakan bar kwamfutarsa a buɗe in ya fita salla, kuma yanzu na san inda zan danna Yaya ya haye gaba. Na sha tsayawa a ƙofar ofishin, zuciyata na cewa shiga. In shiga? In kuwa ba zan shiga ba, to Kawu da masu kamfanin su fito a shafin nan, gaban kowa, su faɗi wanda ya ba su izinin ɓoye hukuncinsu a bayan inji.

Ɗan sito mai ƙuna a rai

*

Ɗana, sannu da wannan zafi. Ka yi gaskiya a abu guda: inji ba ya zaɓe, abin da aka gaya masa yake yi, don haka maganar babu hannun kowa ba ta tsaya ba.

Amma ka san rabin labari ne. Lokacin da kawunka ya kafa tsarin, kaya a wadace suke, na wutsiya ma yana ƙoshi. Wataƙila akwai alkawari tsakanin kamfani da manyan gonaki, wataƙila daga sama aka umarce shi, wataƙila kuma kunya ce ta sa ya laɓe a bayan inji. Ba ka tambaye shi ba, ka riga ka yanke masa hukunci, yadda aka yanke maka a gida.

Kada ka taɓa kwamfutar nan. Da sunan Kawu za ta nuna an yi canjin, ka jawo masa kora, kai ma ka bi shi. Sannan duk wanda Yaya ya tsallake, mai kaji ne shi ma, laifinsa kawai ba shi da ƙani a sito.

Yau ɗin nan ka je ka zaunar da yayanka, ka bayyana masa yadda layin yake, ya daina ɓata ƙafa a ƙofarku. Ya nemi abinci a wani wuri kafin sauran kajin su ƙare, ya kuma haɗa kai da ƙananan masu kiwo irinsa su riƙa oda da suna ɗaya. Hakan zai matsar da su gaba, ya cika motar da wuri.

Sannan ka sami Kawu a gida, ku biyu, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nuna masa abin da ka karanta. Kada ka roƙa wa Yaya alfarma. Ka roƙi a ware wa ƙananan masu kiwo wani kaso kafin layi ya fara, abin da zai iya kai wa manyansa ba tare da jin kunya ba. Gyara maganar da ya yi wa Umma kuma, ka bar masa ya yi da bakinsa.

Shafin nan a buɗe yake ga duk kamfanin da ya ga kansa a wasiƙarka. Amma kawu ba a kiransa a kasuwa kafin a kira shi a ɗaki. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya raya sauran kajin yayanka, ya bar ku da zumuncinku.