Ni na sa masa hannu a rajistar bita

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni. Kwana tara suka rage mini, kuma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da ta zaga gari ba.

Ni mataimakiyar likitan dabbobi ce, shekarata goma sha ɗaya a aikin. A asibitinmu likita sau biyu yake leƙowa a mako, sauran kwanakin mu biyu ne, ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Jaka saboda tsohuwar jakar fatar da ba ya rabuwa da ita. Ɗaki ɗaya muke, tebur ɗaya, firjin rigakafi na tsakaninmu yana ta gurnani. A hannunsa na koyi aiki, wannan kam ba zan musa ba. Shi ya nuna mini yadda ake lalubo jijiya a wuyan tunkiya, da yadda ake gane saniya ba ta da lafiya tun daga tsayuwarta. Amma Gwaggo, bakin mutumin nan ya fi allurarsa tsini. Bai taɓa kiran sunana ba, sai 'Yar Takarda. A gaban masu dabbobi zai ce, "'Yar Takarda, riƙe mini ƙafar nan, ko ita ma sai kin duba littafi?" Su kwashe da dariya, ni in yi yaƙe, in zaga bayan ɗakin ajiya in share hawaye in dawo.

A ƙungiyarmu doka ce, ba a sabunta wa mutum lasisi sai ya halarci bita sau uku a shekara. Kana zuwa ka sa hannu a rajista a bakin ƙofa, a rubuta maka maki. Baba kuwa ya raina bita. Cewa yake yaran da ya koya wa riƙe sirinji ba su isa su zaunar da shi a benci su haska masa majigi ba. Shekara huɗu ke nan da ya fara cewa in riƙa sa masa hannu. Kada ki ɗauka wani baƙon abu ne a wurinmu. Mota za ta je da mutum uku, rajista ta nuna bakwai, har cikin shugabanninmu akwai waɗanda aka yi wa. Na ƙware a sa hannunsa har shi kansa ba zai bambance ba. Sharaɗin dai shi ne in na dawo in gaya masa abin da aka koyar.

A bitar bara aka sanar da mu cewa maganin tsutsar cikin da muke ɗura wa awaki da tumaki ya canja. Kwalba iri ɗaya, murfi iri ɗaya, amma ƙarfinsa ya ninka sau huɗu, bambancin yana cikin wani ɗan mitsitsin rubutu a gefe. Aka raba mana takardar gargaɗi. Washegari na shigo da ita a jaka da niyyar miƙa masa. Ko zama ban yi ba ya dube ni, a gaban wasu mata da suka kawo kaji, ya ce, "Ga 'yan bita an dawo. Me aka ci?" Sai na bar takardar inda take, na ce gobe. Goben ta zama wata bakwai, domin tsofaffin kwalabe ba su ƙare ba, ni kuma na manta. Ko dai in ce na so in manta, ni ma ban sani ba.

Ranar da aka buɗe sabon kwali ina hutu. Wani mai kiwo ya kira Baba garkensa, 'ya'yan awaki ashirin da uku. Baba ya auna yadda ya saba tun kafin a haife ni, bai ko juya kwalbar ba. Kafin yamma goma sha huɗu sun mutu, suna karkarwa miyau na dalala. An ce mai awakin zama ya yi daɓas a ƙasa a tsakiyarsu.

A babban taronmu na shekara akwai wani zama da ake kira Awar Kuskure. Mutum zai tashi ya ba da labarin kuskuren da aka yi a wurin aikinsa don saura su kiyaye. Ƙa'idarsa biyu ce: ba a ambatar suna, kuma maganar ba ta fita daga zaure. Na rubuta sunana cikin masu magana. Na ɗauki hoton katin maganin, na rufe sunan Baba da na mai awakin. Sai dai Baba da koren biro yake rubutu, shi kaɗai a duk ƙungiyar, kuma rabin mutanen zauren sun taɓa zama a ƙarƙashinsa. Ina da hoton baƙi da fari, ina da mai launi. Mai launin na ba mai kula da majigi.

Abin da ban zata ba, ya zo. Bayan shekara huɗu, ranar ya zo da ƙafarsa. Na hango shi a layin ƙarshe, da sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare a kan gwiwarsa. Akwai mutum biyu kafin a kira ni, da na so da na janye. Ban janye ba. Koren rubutun na bayyana a bango zauren ya ɗauki guna-guni, sai kuma dariya. Wani daga tsakiya ya ce, "Af, ashe jakar ma tana kuskure!" Na yi bayani minti goma sha biyar ba gargada, har na kwaikwayi yadda wasu ke ɗaga kwalba sama su kanne ido ɗaya su ce sun auna, aka tafa mini. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji, daɗin da ban taɓa ji ba tun da na fara aikin nan. Shi kuwa bai tashi ba har aka gama, kansa a ƙasa yana ta rubutu.

Kafin mu isa gida hoton ya shiga guruf ɗin ƙungiya na waya, har an zana wa jakar ƙaho da gemu. Waɗanda suka fi zaƙewa su ne waɗanda ya koya wa aiki. Shugabanmu kuma, wanda suka taɓa yin takara da Baba shekarun baya bai kuwa manta ba, ya haɗa hoton da ƙorafin mai awakin ya miƙa wa kwamitin ladabtarwa.

Ga inda na maƙale. Kwamiti ya ɗauko rajista ya ga sa hannun Baba a ranar da aka yi gargaɗin. Suka ce ashe an gaya masa ya yi kunnen uwar shegu, wannan ganganci ne, hukuncinsa a ƙwace lasisinsa har abada. Da a ce bai halarta ba, dakatarwar shekara ɗaya ce da sake karatu, amma wanda ya sa masa hannu shi ma a dakatar da shi, kuma ba zai ƙara riƙe muƙami a ƙungiya ba. Ni kuwa tun ranar taron aka tsayar da ni takarar sakatariyar ilimi, kowa na cewa na ci an gama. Da suka tambaye shi ko ya je bitar, cewa ya yi, "Abin da rajista ta ce ke nan." Bai ambaci sunana ba.

Yanzu an hana shi taɓa magani. Kullum ƙarfe bakwai yana wurin aiki, ni nake yin allura, shi yake riƙe mini ƙafar dabba. Ya daina ce mini 'Yar Takarda, ya koma Malama. Magana ɗaya ya yi mini kan taron, wai, "Kin iya bayani." Shekararsa sittin da uku, ba wata sana'a da ya sani bayan wannan, ga 'ya'ya biyu a makaranta.

An kira ni shaida a gaban kwamiti nan da kwana tara. Ƙawata ta ce in ce zauren ya cika ranar bitar, ban tuna wa ya zo ba. Mijina ya ce tsohon shi ya jawo wa kansa, in rufa wa kaina asiri. Gwaggo, ni na ɗura wa awakin nan magani? Ni na hana shi karanta kwalba? Sai yanzu da na fara ɗaga kai za a ce in tsoma kaina saboda mutumin da bai taɓa ce mini sannu ba? In na ce ban tuna ba, ƙarya ce babba? Ki gaya mini yadda zan fita lafiya.

'Yarki,
Wata ma'aikaciyar asibitin dabbobi


'Yata,

Bari in fara ba ki naki haƙƙin. Dattijon nan ya cuce ki. Shekara goma sha ɗaya ana muzanta mutum a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne, kuma iya aiki ba ya wanke mugun baki. Awakin ma a wuyansa suke, domin duk mai ɗura magani wajibinsa ne ya karanta kwalba, an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Girman kai ya hana shi zuwa bita, kuma shi ya ɗora ki a kan sa hannun ƙarya tun ba ki da bakin cewa a'a. Dole ya ɗanɗana hukuncinsa.

Amma hukuncinsa shekara ɗaya ne. Sauran shekarun da ake shirin ƙwace masa, alƙalaminki ne ya rubuta su. Kin tambaye ni ko "ban tuna ba" ƙarya ce babba. Matar da ta tuna abin da aka faɗa mata a gaban masu kaji, ta tuna irin littafin da ke kan gwiwar tsoho a layin ƙarshe, ba ta manta hannun da ta sa ba. Kin rama, 'yata, har da ƙari. Kin rama ranar da kika bar takarda a jaka, awakin wani bawan Allah da bai taɓa ce miki komai ba suka tafi a ciki. Kin sake ramawa a zaure, kin ji daɗinki. Wannan na uku kuwa ya wuce ramuwa, tsira kike nema da wuyan wani.

Kada shirunsa ya ruɗe ki. Ban sani ba ko asiri yake rufa miki, ko kuwa girman kan ne har yanzu ya hana shi cewa yarinyarsa ce ta yi masa shekara huɗu tana zuwa makaranta a madadinsa. Ko ma wanne ne, ya bar maganar a hannunki, kuma kullum yana tsugune a gabanki yana kallon abin da za ki yi da ita.

Gobe, kafin masu dabbobi su fara zuwa, ki tura ƙofa ki gaya masa komai, har da takardar, har da hoton da kika zaɓa. Kada ki haɗa da jera masa laifuffukansa. Wannan zance yana da ranarsa, kuma kina da ikon yin sa, amma ba gobe ba. Kada kuma ki sa ran zai yafe, wataƙila ya yaɓa miki maganar da ta fi duk na baya ciwo. Daga nan ki rubuta wa kwamiti, kada ki jira ranar zama. Ki faɗi ranakun da kika sa masa hannu, ki janye takararki da kanki, ki ajiye kwafin wasiƙar a gida. Ki shaida musu cewa sa wa wani hannu ya zama ruwan dare a ƙungiyar, ba tare da kin kama sunaye don neman abokan nutsewa ba. Ki tuna musu kuma cewa hoton da ke gabansu daga zaman da aka yi alkawarin sirri ya fito. Shugabanku ya karya alkawarin nan, kuma in ba a gyara ba babu mai sake tashi ya faɗi kuskurensa, kowa zai binne nasa, dabbobin mutane su ci gaba da mutuwa. Ki zaunar da mijinki ku shirya yadda gida zai tafi in an dakatar da ke. Mai awakin ma yana da haƙƙin jin gaskiya daga bakinku ku biyu.

Za ki sha wuya, ba zan yaudare ki ba. Waɗanda suka tafa miki su ne za su fara yi da ke, kin dai ga aikinsu. Sai dai ke da sauran ƙuruciyarki, dakatarwa za ta wuce ki dawo aiki. Shi babu inda zai dawo. In kuwa kika yi shiru za ki ci zaɓe, a miƙa miki rajistar bita, ki riƙa tsayawa a bakin ƙofa kina bincika sa hannun mutane kina yi wa sababbi nasiha kan riƙon amana. Ba na jin za ki iya. Ga shi tun yanzu maganar ta fi ƙarfin cikinki, sai da kika rubuto wa wadda ba ki taɓa gani ba.

Hanyar fita lafiya babu, 'yata. Akwai dai hanyar da za ki fita da laifinki ke kaɗai, ba tare da kin cire wa tsoho abinci a baki ba. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauta miki abin da zai biyo baya. Ina yi miki fatan alheri, kuma alherin da na hango miki a wannan makon shi ne ki rasa kujerar nan.

Gwaggonki